Kwamfutar da Yaya Ya Sayo da Kuɗin Shinkafa

Wata ɗaliba ta rubuto mana daga Argungu, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Ina shekarata ta ƙarshe a sashen Hausa, kuma saura mako shida in miƙa furojet. Bara yayana ya sayar da wani kaso na shinkafar da ya noma a rani ya sayo mini kwamfutar cinya ta hannu a Birnin Kebbi, irin wadda ake kira Beljiyam, mai Core i5 zubi na biyu da ram giga huɗu, da Windows 7 a kanta. Watannin farko lafiya lau muka zauna. Yanzu duk lokacin da na kunna ta sai in tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza kuma ta ƙi buɗe fotal ɗin makaranta da imel. Da rana ba ta yin rabin awa sai ta mutu da kanta, ƙasanta ya yi zafi, in aka ɗauke wuta kuwa nan take take ɗaukewa. Wani lokaci ina jin ƙara ƙas-ƙas daga cikinta. Filashina ma tun da na kai shi shagon furintin duk fayilolin ciki suka koma wasu alamomi masu 'yar kibiya. Sau biyu mai gyara yana yi mata fomatin, yanzu ya ce bod ne ya tafi, in kawo ciko ya canja mini wata. Ban faɗa wa Yaya ba, domin ina jin nauyinsa, kuma ina tsoron ya ce ni na lalata ta. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Cikin duk abin da kika lissafa, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda kika ambata a wuce, wato ƙarar nan ta ƙas-ƙas. Rumbun ajiyar da ke cikin kwamfutarki, wanda masu gyara ke kira had-dis, faifai ne na gaske da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai karanta rubutu yana shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Idan wannan hannu ya fara neman wuri yana kasa samu, yana komawa mafari yana sake gwadawa, ƙarar da kike ji ke nan. Rumbun da ya kai wannan mataki yana iya ƙara wata uku, yana kuma iya tsayawa gobe da safe, kuma ba ya yin sallama. Saboda haka, kafin ki nemi mai gyara, kafin ki yi magana da Yaya, kafin ma ki ƙarasa karanta wannan amsa idan kwamfutar tana kusa da ke, ki kwafe furojet ɗinki zuwa wuri biyu da ba sa cikinta. Ki jona wayarki da kwamfutar ta kebul ki zuba fayil ɗin a ciki, sannan daga wayar ki tura wa kanki ta imel ko ki ɗora a Google Drive. Rubutun babi biyar bai kai nauyin bidiyo guda na minti ɗaya ba, don haka batun data ba uzuri ba ne. Ki mayar da wannan al'ada ta kowane dare har ranar da za ki miƙa aikin, kina sa kwanan wata a sunan kowane kwafi.

Filashinki kuwa, ki kwantar da hankalinki, domin mai yiwuwa ne ƙwarai fayilolinki suna nan. Ƙwayar cutar kwamfutar da ta yi wannan aiki ta daɗe tana yawo a shagunan buga takardu, kuma dabararta ita ce ta ɓoye fayilolin gaskiya ta ajiye alamomi masu kama da su, ta yadda duk wanda ya danna alamar zai kunna cutar a kwamfutarsa. Kada ki ƙara danna ko ɗaya. A kai filashin wata kwamfuta mai Windows na zamani da rigakafinta ke aiki, a share cutar, sannan a buɗe wurin rubuta umarni, wato Command Prompt, a rubuta attrib -h -r -s /s /d tare da harafin filashin, fayilolin za su fito daga maɓoyarsu. Idan kin riga kin danna ɗaya daga cikin alamomin a taki kwamfutar, to ki ɗauka ita ma ta kamu, kuma duk filashin da aka soka mata zai kwasa. Daga yau, abin da za a buga miki ki mayar da shi PDF ki tura wa mai shago ta WhatsApp ko imel, filashinki ya daina ziyarar kwamfutocin mutane.

Yanzu ga maganar mai gyara. Ba zan ce ƙarya ya yi miki ba tunda ban ga kwamfutar ba, amma zan ce alamomin da kika bayyana ba su nuna bod ba. Kwamfutar da uwar allonta, wato bod, ta lalace galibi ko dai ba ta kunnuwa sam, ko ta kunnu fitilu su kama allo ya zauna baƙi. Taki tana kunnuwa, tana shiga Windows, kina rubutu a kanta har na rabin awa. Abin da kike fama da shi ciwo huɗu ne daban-daban da suka haɗu a jiki ɗaya saboda tsufa, kuma kowanne yana da maganinsa. Fomatin kuwa, wato goge rumbu a sake zuba Windows, wanda ya zame wa wasu masu gyara tamkar farasitamol da ake ba kowane majinyaci, ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin huɗun, shi ya sa aka yi sau biyu ba ki ga sauyi ba. Hasali ma zuba Windows sabo a kan rumbun da ke gargara ƙara masa wahala ne, gyaran gangar auzinawa ke nan.

Mafi sauƙi a cikinsu shi ne na kwanan wata. A jikin bod akwai wani ɗan batir mai siffar kwabo, mai ƙarfin bolt 3, wanda a yawancin kwamfutoci lambarsa CR2032 ce, irin wanda ake sa wa wasu rimot na mota da ma'aunin sukari. A kwamfutar cinya sau da yawa za ki gan shi naɗe cikin roba, da 'yar waya mai sili biyu. Aikinsa kawai ya riƙe agogo da saitin bayos, wato 'yar manhajar da ke tayar da kwamfutar kafin Windows, lokacin da kwamfutar take kashe. Yakan yi shekaru yana aiki, amma na'urar da aka ƙera a wajajen 2011, kamar yadda Core i5 zubi na biyu ke nunawa, ta daɗe da cinye nata. Da ya mutu sai agogo ya koma ranar da masana'anta ta sa masa duk lokacin da wuta ta yanke. Alaƙar wannan da ƙin buɗe fotal ita ce, kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma burauza tana duba agogon kwamfutarki ne ta ga ko takardar tana kan aiki. Idan agogonki ya ce ana shekarar 2011 alhali takardar ta bana ce, sai burauza ta ga kamar an kawo mata takardar da ba a riga an rubuta ba, ta ƙi yarda. Ki gyara kwanan wata da lokaci da hannunki daga kusurwar allo ta ƙasa, ki sake gwadawa, da yawan shafukan za su buɗe. Canja batirin kuwa aikin 'yan mintuna ne, kuma yana cikin mafi arahar kayan da ke jikin kwamfuta. Sai dai wasu shafukan za su ci gaba da ƙi ko da agogo ya daidaita, kuma wannan yana da wani dalili da zan zo kansa.

Mutuwar da take yi da rana kariya ce take yi wa kanta. Furosesa irin taki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan zafinta ya kusanci digiri 100 sai ta yanke wuta don kada ta ƙone. Fanka tana zuƙo iska ta ƙasa, ta hura ta cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, zafin ya fita ta gefe. Ki tuna wannan na'ura ta yi shekaru tana shaƙar ƙurar ofis a Turai ko Amurka, sannan ta zo ta sha ƙurar hunturunmu, wadda ke shiga har cikin akwatin da aka rufe. Ƙurar takan dunƙule tsakanin fanka da ƙarafan nan ta zama kamar audugar katifa, fanka ta yi ta ihu iska ba ta fita. Ga kuma man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, wanda bayan shekara goma yakan bushe ya zama kamar alli. Ki haɗa wannan da zafin bazara na Argungu da Birnin Kebbi, inda a watannin Maris zuwa Mayu ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, za ki ga rabin awar ma ƙoƙari take yi. Maganin shi ne a buɗe ta, a cire fankar a fitar da dunƙulen ƙurar da hannu da buroshi, a goge tsohon man tas, a sa sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa. Wanda ya tsaya daga waje ya hura mata iska da bulowa bai yi aikin ba, ya dai tura ƙurar ciki ne. A naki ɓangaren, ki daina ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, domin suna toshe hanyar iskar, ki ɗora ta a kan teburi ko faranti ki ɗaga bayanta da ɗan littafi, kuma kafin a yi gyaran ki mayar da aikinki bayan asuba da bayan isha'i.

Babban batirin ya ƙare, wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Batirin litiyam yana raguwa da kowane caji, bayan 'yan ɗaruruwan caji kuma sai ya zama ado. Idan kuɗi bai kai a sayi wani yanzu ba, za ki iya kammala furojet ba tare da shi ba, amma ki sani kowace mutuwar farat ɗaya illa ce ga rumbun da ke juyawa, kuma ina zargin yawan ɗauke wutar nan yana cikin abin da ya jawo ƙarar da kike ji. Ki shiga saitin Word ki rage lokacin da yake adana aiki da kansa daga minti goma zuwa biyu, ki kuma saba wa yatsunki da danna Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi. Ki duba cajarki ma. A ƙasan kwamfutar ko a ramin batir an rubuta bolt ɗin da take buƙata, galibi 18.5 ko 19.5 ko 20, kuma dole ya dace da wanda ke jikin cajar. Tsohuwar caja ta asali da aka ciro daga wata kwamfutar ta fi sabuwa marar nauyi mai kawuna barkatai da ake cewa tana yi wa kowace iri. Idan da janareta kuke aiki, ki bari ya daidaita kafin ki jona, ki kuma cire kafin a kashe shi.

Shi rumbun ba a gyara shi, sauya shi ake yi, kuma a nan ne kuɗin da za a kashe zai fi yin amfani. SSD, wato sabon nau'in rumbun ajiya, mai inci 2.5 irin ta SATA tana shiga daidai inda tsohon yake, ba ta da abin da ke juyawa, ba ta jin girgiza, kuma kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta gama farkawa takan koma ƙasa da minti guda. Mai giga 128 ko 256 ta ishi ɗaliba. Idan an samu hali a ƙara ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya kai giga takwas, amma a cire wanda ke ciki a duba rubutun jikinsa, domin na wancan zamani DDR3 ne, DDR4 da ya biyo bayansa ba zai shiga ramin ba ma. A kuma duba ko Windows ɗin da aka sa miki mai bit 32 ne, domin shi ba ya ganin abin da ya wuce giga huɗu ko nawa aka zuba masa.

Duk wannan da na faɗa ya kamata ya nuna miki cewa Yayanki bai yi mugun ciniki ba. Yawancin waɗannan kwamfutoci da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta Computer Village da ke Ikeja, wasu su ratso ta titin Beirut a Kano kafin su iso shagunan Birnin Kebbi da Gusau, kayan kamfanoni da ma'aikatu ne da aka yi wa ritaya bayan 'yan shekaru. Irin su EliteBook na HP da Latitude na Dell da ThinkPad na Lenovo an ƙera su ne don a riƙa buɗe su ana canja kaya, kuma sau da yawa sun fi wasu sababbi masu araha ƙwari. Gangar jikinsu tana da sauran kwana mai yawa idan aka kula da ita.

Abin da ba shi da sauran kwana shi ne Windows 7, kuma wannan ne ciwon da babu mai gyaran da zai iya magance miki. An fitar da shi a watan Oktoban 2009, mutane suka ƙaunace shi saboda sauƙinsa da rashin nauyinsa, har yanzu kuma masu shaguna na sa shi a tsofaffin kwamfutoci domin yana sa su yi sauri a idon mai saye. Amma tun ranar 14 ga Janairun 2020 kamfanin Microsoft ya daina tura wa jama'a gyaran tsaro nasa. Ma'anar wannan ita ce, duk ɓarakar da aka gano a jikinsa bayan wannan rana tana nan a buɗe har abada, kuma ɓarayin intanet sun san inda take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa magini ya tattara kayansa ya tafi. Sauran kamfanoni ma sun bi sahu. Chrome ya tsaya a zubi na 109 ga masu Windows 7 tun farkon 2023, Firefox kuma ya tsaya a 115. Shafukan intanet suna ci gaba da sauya hanyoyin tsaronsu da takardun shaidarsu, burauzarki kuwa tana tsaye wuri ɗaya, shi ya sa na ce wasu shafukan ba za su buɗe ba ko an gyara agogo, kuma adadinsu ƙaruwa zai riƙa yi.

Na san wasu za su ce miki sun yi shekaru suna amfani da Windows 7 babu abin da ya same su. Wanda aka sace wa kalmar sirri ba ya jin ƙarar fasa ƙofa, sai ranar da aka shiga imel ɗinsa ko asusunsa na banki. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150 cikin 'yan kwanaki, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin majinyata. Yawancin kwamfutocin da ta kama masu Windows 7 ne waɗanda ba a sa wa gyaran da Microsoft ya fitar wata biyu kafin nan ba. A wancan lokaci akwai gyaran, sakaci ne ya hana a sa shi. Yau ko mutum ya so ya sa, babu mai aiko masa. Manhajar rigakafi irin su Smadav da ake yawan sawa a shaguna tana taimakawa wajen cututtukan filashi, amma mai gadi ce a bakin ƙofa, ba ta ɗinke tsagar bango.

Za ki tambaya, to me ya hana a sa mata sabon Windows? Windows 10 zai hau kwamfutarki, musamman da SSD, amma shi ma Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kula da shi, da ɗan ƙarin lokaci ga waɗanda suka yi rajistar wani shiri na musamman. Windows 11 kuwa yana neman furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, taki kuma zubi na biyu ce. Masu gyara sun iya dabarar tsallake wannan sharaɗi su cusa shi, yakan kuma yi aiki, sai dai kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan kwamfutoci gyara ba. Ga ɗalibar da ba ta da mai duba mata na'ura a gida, ban ga hikimar dogara da abin da zai iya tsayawa ba sanarwa ba.

Duk da haka ban ce ki sauya komai a cikin makon nan shida ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda saura kwana arba'in ya miƙa aiki ba lokacin koyon sabuwar manhaja ba ne. A canja ɗan batirin agogo, a share ƙura a sa sabon mai, sannan a kwafe duk abin da ke tsohon rumbu zuwa SSD yadda yake idan rumbun ya yarda, in bai yarda ba a sa miki abin da kika saba da shi a kan sabuwar. Daga nan ki kashe wayfay ɗin kwamfutar ki ɗauke ta a matsayin keken rubutu. Windows 7 da ba ya shiga intanet kuma ba ya karɓar baƙon filashi ba shi da hatsari mai yawa, kuma Word ɗinsa zai buga miki babi biyar ba tare da gardama ba. Fotal da imel da banki da biyan kuɗin makaranta duk ki yi su a wayarki. Tunda kuma kin taɓa shiga imel a kan kwamfutar da wataƙila ta kamu, ki canja kalmar sirrinsa daga waya, ki kunna tsarin da ke turo miki lamba kafin a shiga.

Bayan kin miƙa furojet kin huta, abin da nake ba ki shawara shi ne Linux Mint, nau'in da ake kira Xfce, wanda aka yi shi mara nauyi. Linux babbar manhaja ce kamar Windows, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce ta halal ba satar fasaha ba, kuma Mint zubi na 22 an yi alkawarin kula da shi har 2029. Fuskarsa ta yi kama da ta Windows 7 ƙwarai, da maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, yana zuwa da Firefox na zamani, kuma cutar filashin nan da ta wahalar da ke ba ta iya tashi a cikinsa. Abin da na fi so game da shi shi ne ana iya ɗora shi a filashi a kunna kwamfutar da shi a gwada, a ga ko wayfay da sauti da madannai suna aiki, ba tare da an taɓa abin da ke cikin rumbu ba. Idan bai kwanta miki ba sai ki zare filashin, babu abin da ya sauya.

Ba zan ɓoye miki aibinsa ba. Microsoft Word ba ya hawa kansa kai tsaye, haka CorelDRAW, don haka da mai shagon zane ne ya rubuto mini da amsata ta bambanta. A madadin Word akwai LibreOffice, wanda ke buɗe fayilolin Word yana kuma adana su, amma wani lokaci tsarin shafi da teburori sukan ɗan goce, shi ya sa abin da za a buga a kullum a mayar da shi PDF tukuna. Zanen haruffan Times New Roman da makarantu ke nema ba ya zuwa a ciki, sai an saukar da shi daban. Kuma masu gyaran da suka san Linux ba su da yawa a garuruwanmu, za ki fi samunsu cikin ɗaliban sashen kwamfuta.

Tunda Hausa kike karantawa, akwai wani tarko da ya kamata ki sani tun yanzu. Idan da tsohon zanen haruffa irin su Rabi'at kike buga ƙ da ɗ da ɓ, to haruffan suna zaune ne a kan gurbin wasu alamomi, kuma duk kwamfutar da ba ta da wannan zane za ta nuna miki baka da wasu tarkace a inda haruffa masu lanƙwasa suke. Ɗalibai da dama sun ga haka a ranar buga aiki. Ki ajiye kwafin zanen tare da furojet ɗinki, ki kuma duba PDF ɗin shafi-shafi kafin ki tura. A aikinki na gaba ki koma amfani da madannan Hausa na Unicode, waɗanda suke cikin Windows 7 kansa da kuma Linux, domin harafin da aka buga da su ba ya rikiɗewa ko a waya aka buɗe shi.

Idan za ki koma wurin mai gyara, wannan ko wani, ki je da buƙatu sanannu, kada ki ce masa kawai ba ta aiki. Ki ce a canja batirin bayos, a wanke fanka a sa man furosesa, a sa SSD, kuma a ba ki tsohon rumbunki a hannu, domin hotunanki da takardunki suna ciki, fomatin na yau da kullum kuma ba ya hana wanda ya iya ya dawo da su. A yi aikin a gabanki. Idan ya nace bod ne, ki roƙe shi cikin ladabi ya nuna miki abin da ya gwada har ya gane haka. Maganar kawo ciko a canja miki wata kuwa, ki lura cewa mai wannan tayi zai karɓi kwamfutar da ya ce ta mutu, ya yi mata gyaran nan da na lissafa ya sayar wa wani, ke kuma ki tafi da wata sa'arta mai nata tsohon batirin da nata tsohon rumbun.

Saura Yaya. Na fahimci nauyin da kike ji, domin wanda ya san wahalar noman rani a fadama, da kuɗin man injin ban ruwa da taki da korar tsuntsaye, ba zai so ya koma wa manomi da labarin cewa kuɗinsa sun tafi a banza ba. Amma kuɗinsa ba su tafi a banza ba, kuma babu ɗaya cikin abubuwan nan da hannunki ya jawo, in ban da wataƙila ɗora ta a kan katifa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma idan kika yi shiru har rumbun ya tsaya ana saura mako guda, zai ji labarin a mafi munin lokaci, ya kuma ji ciwon cewa kin ɓoye masa fiye da ciwon kuɗin. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ki fara da godiya da gaya masa inda aikin ya kai da taimakon kwamfutar, sannan ki ce, "Yaya, na bincika, kayan cikinta uku ne suka tsufa kamar yadda tayar babur ke cinyewa, ga sunayensu, ga kuma wanda ya fi gaggawa." Mutumin da ke canja wa injin ban ruwa fulogi da mai ba zai rasa gane wannan ba. Ki tambayi farashin kowanne a shago biyu ko uku kafin ki je masa, ki rubuta a takarda, kuma idan hali bai kai a yi duka lokaci guda ba, a fara da SSD da wanke fanka da ɗan batirin agogo, babban batir da ƙarin ram su jira kaka. Idan zai yiwu ya raka ki shagon ranar gyaran, ya fi, domin shi ya san wanda ya sayar masa, kuma zai ga dunƙulen ƙurar da idonsa lokacin da aka ciro shi.